Laifin Auta, Lasisin Yaya

A daidai lokacin da abin ya faru, Anti Direba tana tsaye a shagona, hannuwanta a ware, ina zagaya ta da tef ina yi mata awon riga. Wannan ko a gaban wa zan maimaita shi. Shagon ɗinkina manne yake da ƙofar gidansu, haya nake yi a hannun mahaifinta, don haka duk abin da zai shiga gidan nan ko ya fita sai ya gifta ta gaban kekena.

Muna cikin awon muka ji ƙarar birki. Motar makarantar da take tuƙawa ta shigo layinmu a guje, saura ƙiris ta kwashe bencin da ke bakin shagona, ta faɗa cikin gida. Ɗaya daga cikin fitilun gaba a fashe. Ƙaninta, Auta, ya diro daga mazaunin direba yana haki, ko ƙofa bai rufe ba ya shige ɗakin uwarsu.

"Wa ya ba yaron nan makulli?" in ji ta. Tef ɗina na rataye a wuyanta ta fita.

Yara ne suka laƙaba mata Anti Direba, har manya suka ɗauka. Ita ke kwashe yaran unguwa ta kai su makaranta, ta dawo da su, kuma da wannan take ci take sha tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan iyayenta. Da abin da ya bar mata aka sayi motar. Amma da aka zo yin takardu, Baba ya ce mace ba ta yawon ofis-ofis, ya sa nasa sunan a matsayin mai motar.

Ba a jima ba wani sajan ya tsaya da babur a ƙofar gida, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce motar nan ta ƙi tsayawa a jar danja a mararrabar da ke tsallaken layin dogo, ta ture baron wani mai sayar da lemo, mutumin ya gurɗe a ƙafa. Shi ya dawo daga wani aike ne ya gani, ya ɗaga hannu, motar ta ƙara wuta. Ta baya ya hango ta, lamba kawai ya samu.

Baba ya fito, sajan ya ce masa, "Kai ne mai motar?"

Baba ya ce shi ne.

"Wa ke tuƙi?"

Ina tsaye a bakin shago, Anti Direba na gefena. Na ga ta buɗe baki. Baba ko kallonta bai yi ba, ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ai 'yata ce ke tuƙa motar nan, ranka ya daɗe. Duk unguwa an sani."

Ku ji iya magana! Ba za ka ce ya yi ƙarya ba, amma ya yanka ta da ranta. Sajan ya karɓi lasisinta ya kwafi abin da zai kwafa, ya miƙa mata takardar zuwa kotu, ya tayar da babur ɗinsa.

Na bi ta cikin gida da sunan karɓar tef ɗina. Umma ta riga ta riƙe mata hannu biyu tana hawaye. Auta na kwance a kan doguwar kujera, ya rufe fuska da matashi, sai ka ce shi aka ture.

"Ki rufa mana asiri," in ji Umma. "Kin san aikin da yake jira. Bincike suke yi, ko ɗigon laifi suka gani a sunansa shi ke nan."

"Umma, ni ma aikina ne."

"Ke mace ce, za su tausaya miki. Tara ce kawai, babanku zai biya."

Baba ya ce daga bakin ƙofa, "Kina zuwa ki ce kin amsa, a yi ta ta ƙare. Kada ki ja magana." Sannan ya juyo gare ni. "Mai ɗinki, ba ki bar shago a buɗe ba?"

Na fita, raina yana tafasa.

Ni na raka ta kotu, don ranar Baba ciwon baya ya tashi, Auta kuma barci yake. Ɗaki ne mai zafi, fanka ɗaya, benci cike da direbobi da masu babura, ana kiran mutum ana sallamarsa kafin ya gama gyara tsayuwa. Da aka kira ta aka karanto laifin, ta ce ta amsa. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Alƙali har ya fara rubutu, sai ya ɗago ya ce, "Mene ne sana'arki?"

"Ina kai yara makaranta."

"Da wannan motar?"

"E, ranka ya daɗe."

Ya ajiye biro. Ya ce wadda ake ba amanar 'ya'yan mutane, ta karya danja, ta ture bawan Allah, ta gudu? Ya ci ta tara, ya dakatar da lasisinta, ya kuma ce a sanar da makarantar. A nan take aka karɓe katin lasisin daga hannunta. Da muka fito, sai da na riƙe ta muka tsallaka titi, kamar ba ita ce ke ratsa shi kullum da mota cike da yara ba.

Da ta faɗa musu a gida, Umma ta ce, "Wayyo, haka Allah ya ƙaddara." Baba ya ce alƙalan yanzu ba su da imani. Auta ya tambaya ko an ambaci sunansa.

Makon bai ƙare ba Baba ya yanke shawara. Mota ba za ta zauna tana tsatsa ba, in ji shi, kuma iyayen yara suna nema. Tunda Auta yana da lasisi, kuma nasa fes yake, shi zai riƙa kai su kafin aikinsa ya fito. Wallahi da na ji sai da allura ta soke ni. Wanda ya yi ɓarnar shi aka damƙa wa sitiyari.

Ita kuma aka bar mata wanki. Da sassafe in na zo buɗe shago sai in tarar da ita da bokiti da soso tana wanke motar, ta duba ruwa da baƙin mai, ta goge kujeru. Auta sai ya fito yana miƙa, ya ce, "Yaya, madubin nan bai fita ba." Da farko tana shiga baya ta zauna da yaran, don ita ta san mai amai in an yi gudu da wanda sai an riƙe masa hannu zai sauka. Sai makaranta ta aiko cewa ba a son ganinta a motar ma sam. Wata uwa ta tare ta a gaban shagona ta ce, "Ashe haka kike yi da su in kin bar unguwa? Allah ya isa tsakanina da ke." Ɗan mai lemon nan ma ya zo har ƙofar gida ya zazzaga mata rashin mutunci, Baba na ciki yana jin rediyo.

Ta daina zuwa kasuwa. Ta daina ɗaga waya. Sai ta shigo shagona ta zauna a lungu bayan labule tana tsinke mini zare, in ta ji hon ɗin motar ta sunkuyar da kai. Rigar da na yi mata awo, da na gama ɗinkawa ta sa, sai da na sake rage ta.

Mutum ɗaya ce ba ta yarda da labarin ba: Maman 'Yan Biyu, lauya ce, 'ya'yanta na cikin yaran motar. Ta kawo mini ɗinki wata rana, ta hango Anti Direba a bayan labule, ta ja kujera ta zauna.

"Anti, ni na sha bin bayanki a hanya. Ke da ko babu kowa a titi sai kin tsaya? Ba ni takardun in gani."

Ta karanta, ta sake karantawa, ta ce, "Wane caji ofis ne na sajan nan?"

"Na nan bayan kasuwa."

"Mararrabar kuma tana tsallaken layin dogo?"

"E."

"To ai ba huruminsa ba ne. A dokar garin nan, ikonsu a layin dogo ya tsaya. Tsallake na wani caji ofis ne, da kotunsu daban. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya kai musu rahoto, su yi nasu binciken. Shi ba shi da ikon rubuta miki takarda, kotun da ta yanke miki hukunci ma ba gabanta ya kamata a kai ki ba. Ko da kin amsa laifi, in muka ɗaukaka ƙara za a iya rushe shi. Lasisinki ya dawo."

Na ga ido ya dawo wa baiwar Allah. Ta ce, "Shi ke nan? Ba sai na ambaci kowa ba?"

Lauya ta dube ta da kyau. Ba ta tambayi wane ne kowa ba.

"Ba zan ɓoye miki ba. In an rushe, ana iya mayar da maganar ga 'yan sandan tsallake. Suna da mutuminsu da ke tsayawa a mararrabar nan, ga masu shaguna. In suka ga dama suka bincika, za su tambayi wanda ya ga fuskar direba. Kuma akwai wa'adi, Anti. In ya wuce, ko ni ba abin da zan iya."

Da yamma ta kai maganar gaban Baba. Ban shiga ba, amma tagar bayan shagona tsakar gidansu take kallo, kuma na kashe keke.

"Ba zan kira sunansa ba, Baba. Magana ce tsakanin 'yan sanda da 'yan sanda."

"In suka tono fa?"

"Wataƙila ba za su tono ba."

"Wataƙila! A kan wataƙila za ki jefa ɗan'uwanki a wuta? Maganar da ta mutu, ke ce za ki tayar da ita?"

"Ba ta mutu ba, Baba. A kaina take."

Umma ta sa baki. "Me kika rasa a gidan nan? Ci ne ba kya yi, ko wurin kwana aka hana ki? Shi namiji ne, gida zai riƙe. Ke gobe wani ya fito ki yi aure, wa zai tambaye ki lasisi?"

"Yaya, ki yi haƙuri mana," in ji Auta, bakinsa cike da abinci. "In aikina ya fito ai zan duba ki."

Sai na ji muryarta ta tashi, abin da ban taɓa ji ba. "Jiya da yara a ciki ka hau kan kwalbati. Mai gadin makaranta ya faɗa mini. In ka kashe ɗan wani, sunan wa za a bayar?"

Tas! Na ji ƙarar marin da Baba ya kwaɗa mata. Sai kukan Umma. Baba ya ce, a hankali, yadda ya fi tsawa ban tsoro, "Duk ranar da kika taka kotun nan, kada ƙafarki ta sake taka gidana."

Washegari ya leƙo shagona da kansa, abin da ba ya yi ko ranar karɓar haya. Ya tsaya yana duba yaduka, ya ce ya lura shagon nan ya zama ofishin lauyoyi. Ya ce akwai wani mai gyaran waya da ya daɗe yana roƙonsa wurin.

Na ce, "Baba, ni ɗinki nake yi. Amma in aka tambaye ni inda 'yarka take a lokacin nan, zan ce tana nan tsaye ina yi mata awo."

Ya dube ni kamar zai haɗiye ni, ya fita. Ba zan ce ban ji tsoro ba.

Kwanakin da suka biyo baya, gidan nan ya zama kamar ana zaman makoki. Umma ta kwanta, ta ce hawan jini ne, ta ƙi cin abinci sai in 'yarta ta rantse ba za ta je ba. Aka kira kawunsu ya yi mata nasiha, aka kira gwaggo ta yi mata kuka. Duk wanda ya zo sai ya ce ya san an zalunce ta, amma ta dubi zumunci. Ba wanda ya ce wa Auta ya dubi komai. Lauya ta bugo waya, ta sake bugowa, ta ce wa'adi ya zo gab.

Ranar ƙarshe, da safe, ta wanke motar kamar kullum. Ta tsaya da bokiti tana kallo Auta ya ja da baya yana latsa waya da hannu ɗaya, ya goge ƙofar gida da gefen mota, ya yi dariya ya wuce. Ta ajiye bokitin a nan inda take, ta shigo shagona.

"Ara mini mayafi," ta ce. "In na shiga ciki Umma za ta riƙe ni."

Na cire nawa na ba ta.

Kafin ta dawo daga kotu, kayanta na bakin ƙofa a cikin buhu biyu da akwati. Baba da kansa ya fito da su. Umma na leƙe ta taga, ba ta fito ba. Ni ma aka ba ni zuwa ƙarshen wata in tashi daga shagon. A ɗakina ta sauka, ni da ita da yarana, muka shimfiɗa mata katifa a ƙasa.

Shari'ar ta ja, ana ɗagawa ana sakewa. Da ranar ta zo, ko shayi bai isa ya huce ba aka gama. Babbar kotu ta tambayi sajan inda iyakar caji ofis ɗinsu take, ya faɗa. Ta tambaye shi inda mararrabar take, ya faɗa. Aka rushe hukuncin, aka ce a mayar mata da lasisinta, 'yan sandan tsallake kuma in suna da magana su kawo. Ba a kira ni shaida ba, ba a ambaci Auta ba.

'Yan sandan tsallake kuwa ko motsi ba su yi ba. Lauya ta bincika, aka ce mata mai lemo ya warke ya koma sana'arsa, su kuma abin da ke gabansu ya ishe su. Abin da aka daki baiwar Allah a kansa, aka kore ta daga gidan ubanta a kansa, bai zo ba ko a mafarki. Aikin da Auta ke jira shi ma bai fito ba, don jarrabawar ma bai ci ba. Motar ta zama tasa ke nan.

Na ce mata kada ta je gidansu, ta ce sai ta je. Na bi ta. Tsohon shagona an cika shi da wayoyi da caja. Ta ƙwanƙwasa ƙofar gida, Umma ta buɗe kaɗan, ta fito ta ja ƙofar a bayanta.

"Umma, an wanke ni." Ta miƙa mata katin da hannu biyu. "Ga shi. Kuma ba abin da zai sami Auta, an bar maganar."

Umma ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Allah ya kare mini yaron nan." Katin ko kallonsa ba ta yi ba.

"Na zo ne a kan maganar motata."

"Wace mota kuma? Ke dai ba kya gajiya da tayar da fitina. Yaro ya samu abin yi, ya natsu, har maganar aure ake yi masa. Sai ki raba shi da ita?" Ta rage murya, ta dafa mata kafaɗa. "Saurara. Na yi ta lallashin babanku, ya fara saukowa. Ya ce in kika zo kika durƙusa kika ba shi haƙuri, kika ba ƙaninki haƙuri a kan tashin hankalin da kika jefa shi, zai bari ki dawo ɗakinki. Yaron nan har ramewa ya yi saboda fargaba."

Na buɗe baki, Anti Direba ta riƙe mini hannu.

"Ni zan ba Auta haƙuri?" in ji ta.

"Kalma ɗaya ce, me za ta rage ki da shi?"

"Umma, ni fa? Ranar da aka karɓe katin nan, da ranar da aka tsine mini a titi, da ranar da aka fitar da kayana, wa ya ce mini yi haƙuri a gidan nan?"

"Ai kullum muna ce miki ki yi haƙuri."

Ni dai hawaye ya riga ya zubo mini, na haushi ne ba na komai ba. Daga ciki aka danna hon, dogo, na mai gaggawa. Lokacin ɗauko yara ya yi.

"Ku ɗan matsa," in ji Umma, tana buɗe ƙofar gaba ɗaya. "Zai fita."

Muka matsa jikin bango. Motar ta fito, Auta ya leƙo ta taga ya ce, "A'a, Yaya, ashe kina gari?" Bai jira amsa ba ya taka mai.

Ta mayar da katin cikin jakarta, ta ja zif, ta ce, "Sai an jima, Umma."

"Ba za ki shigo ba? Me zan ce wa babanku?"

"Ki ce masa na zo, ban durƙusa ba."